Harajin Kifin Turkiyya a Turai, da Tambayar da Kawuna Ya Yi Mini a Damagaram

Kawuna yana da kwamin siminti huɗu a garkarsa da ke kan hanyar Miriya, yana kiwon tarwaɗa a ciki. Bana shekararsa ta uku. Ranar da ya kwashe kifinsa ya shigo da shi gari, ya tarar motar Kano ta riga shi sauka, kasuwa ta cika, farashi ya zube. Bai iya mayar da kifin ba, don tarwaɗar da ta isa sayarwa kowane yini ta ƙara a kwami kuɗi take ci. Ya sayar yadda ya samu. Da dare muna zaune a ƙofar gida ya ce mini: "Ɗana, kai da ka yi lakwal, gaya mini. Me ya hana gwamnati ta ɗora wa kifin waje haraji mai nauyi, mu ma mu samu mu numfasa?" Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu."

Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Mai kiwon kaji yana yinta, Bafulatana mai tallar nono tana yinta duk lokacin da ta ga buhun madarar gari. Amsar da ta fi gamsar da ni kuwa na same ta a wata shari'ar ciniki tsakanin Turkiyya da Tarayyar Turai, a kan wani kifi da ba zai kwana da rai a ruwanmu ba. Turawan Ingila suna ce masa tirawut, Faransawa turwit. Mu ba mu raɗa masa suna ba don ba mu da shi. Dangin kifin salmon ne. Nau'in da aka fi kiwo asalinsa daga kogunan yammacin Amurka ta Arewa masu gangarawa tekun Fasifik, kuma ba ya son komai sai ruwan sanyi mai gudu. Da zafin ruwa ya haura digiri 20 ya shiga wahala. Wanda ya san tabkin Gidimuni a watan Afrilu ya san ba wurinsa ba ne.

Turai ta daɗe da kiwonsa. Danmak ta fara tun ƙarshen ƙarni na 19, ga Faransa, Italiya, Sipaniya, Folan da Jamus, kuma da yawa daga gonakin ƙanana ne, na gado, uba ya bar wa ɗa. Turkiyya ta shigo daga baya amma da ƙarfinta. Tana da maɓuɓɓugan duwatsu a yankin Mugla, tana da manyan tabkunan madatsun ruwa irin na Keban a Elazig inda ake jera keji a kan ruwa, ga ƙwadago da araha. Kafin 2014 abin da take kiwatawa a shekara ya haura tan 100,000. Yarjejeniyar duwan da ta haɗa ta da Turai tun 1996 ta kayan masana'antu ce, amma wasu yarjejeniyoyi na daban, har da ta 1998, sun bar kifinta yana shiga ba tare da haraji ba. Jamus ce babbar mai saye, musamman ƙyafaffensa, wato bandarsu ta can, wadda ake yankawa a rufe cikin leda.

A farkon 2014 ƙungiyar masu kiwon kifi ta Danmak ta kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai a Burussel. Ba da sunan Danmak kaɗai ta kai ba. Doka ta ce ba a sauraron irin wannan ƙara sai masu ita sun nuna suna magana da yawun waɗanda ke samar da aƙalla kashi 25 cikin 100 na kayan a faɗin Tarayyar, don haka sai da suka bi takwarorinsu na wasu ƙasashe suka tara goyon baya da alƙaluma. A watan Fabrairun shekarar aka buɗe bincike a kan tuhuma biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne gindin maganar duka.

Tuhuma ta farko ita ce karya farashi. A ce ɗan kasuwa yana sayar da buhun gero jaka 25 a garinsu, sai ya ɗauko shi ya kawo kasuwar Dole, ya biya mota, ya sayar jaka 20. Ba hauka yake ba. So yake ƴan kasuwar nan su gaji su tashi, in fili ya zama nasa ya sa farashin da ya ga dama. Wannan aikin ɗan kasuwa ne. Tuhuma ta biyu ita ce tallafi. A nan ɗan kasuwar bai yi asarar ko dala ba, hukumar garinsu ce ke miƙa masa jaka 5 a kan kowane buhun da ya noma, shi ya sa yake iya sayarwa jaka 20 ya koma gida da riba. Wannan aikin gwamnati ne. Manomin Damagaram da ke gefensa a kasuwa ba da manomi ɗan'uwansa yake takara ba, da baitulmalin wata ƙasa yake yi.

Dokokin Hukumar Kasuwanci ta Duniya, wadda Nijar ta shiga tun 1996, sun yarda ƙasa ta ɗora haraji na musamman don rama irin wannan tallafi. Sai dai ba a ɗora shi don kawai mutane sun yi kuka. Dole a nuna tallafin yana nan, a kuma auna nawa ne a kan kowane kilo. Dole a nuna masu sana'ar cikin gida sun cutu, da shaidar littattafai: ciniki ya ragu, riba ta zama asara, an sallami ma'aikata. Sai abu na uku, wanda ya fi wuya, a nuna cewa kayan da aka tallafa ne suka jawo cutar, ba wani dalili ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai ka nuna abin da ya tsamar da shi. Lauyoyin Turkiyya suna da abin faɗa a nan, don masu kiwon Danmak suna ɗauke da wani nauyi da ba Baturke ya ɗora musu ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 gwamnatinsu ta ƙayyade musu yawan abincin da za su zuba wa kifi saboda dattin da ke komawa kogi, daga baya da yawansu suka kashe maƙudan kuɗi wajen gina wuraren tace ruwa. Ga tsadar ma'aikaci. Mai bincike sai ya zauna ya tsefe, wannan asara ta tallafi ce, waccan ta gida ce.

Haka aka yi. An zaɓi wasu kamfanonin Turkiyya a matsayin samfur, an aika musu tambayoyi, jami'ai sun tashi takanas sun je ofisoshinsu sun duba rasit. An ba gwamnatin Turkiyya da masu shigo da kifin dama su kawo nasu uzurin. Shekara guda ana wannan. Da aka gama, tuhumar karya farashi ta faɗi, ba a sami hujjar da ta isa ba, aka rufe ta. Ta tallafi ce ta tsaya: an tabbatar gwamnatin Turkiyya tana biyan masu kiwo kuɗi kai tsaye a kan kowane kilon da suka samar, ban da rance mai sauƙin ruwa da rangwamen haraji. A ƙarshen Fabrairun 2015 aka sa harajin ramuwa, daga kashi 6.7 zuwa 9.5 cikin 100, kowane kamfani gwargwadon abin da aka auna ya amfana.

A tsaya a kan wannan adadi. Shekara guda ta bincike, lauyoyi, tafiye-tafiye, ƙarshenta abin bai kai kashi 10 ba. A ce kilo ya iso bakin iyaka a kan yuro 4. Haraji mafi tsanani zai ƙara masa abin da bai wuce sefa 250 ba, dala hamsin ke nan a lissafinmu. Ba a hana kifin shiga ba, kuma bai daina shiga ba. Ba a yi nufin korar Baturke daga kasuwa ba, an cire masa abin da gwamnatinsa ta saƙala masa a aljihu ne, aka ce to ku gwada ƙarfi a haka. Dokar Turai ta lokacin ma ta ce in harajin da bai kai yawan tallafin ba zai isa ya share cutar, ana iya tsayawa a kansa. Kuma wanda ke biya a tashar jirgi ba Baturke ba ne, ɗan kasuwar Jamus ne da ya yi odar kayan. Daga nan sai a raba nauyin: ko mai sayarwa ya rage farashi don kar ya rasa abokin ciniki, ko matar da ke saye a kanti ta ƙara kuɗi. Yawanci kowa ya ɗan taɓa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yanka wa harajin iyaka kamar tela na yanka yadi. Bai hau kan kowane tirawut ba. Ya hau kan ƙarami ne, mai cin mutum guda: wanda bai wuce kilo 1.2 ba in da kansa, kilo 1 in an cire kai, giram 400 in tsoka ce zalla. Shi ne wanda masu ƙara ke kiwo, shi aka nuna ya cuce su. Wanda ya ɗara haka ko da kaɗan, ba ruwan doka da shi. Sannan an sa masa wa'adi, shekara biyar, in ba a sake kawo hujja ba ya mutu da kansa. An sake bincike, aka sabunta shi a 2021. Turkiyya ta sauya tsarin tallafinta, aka sake aunawa, a 2022 aka sauke harajin ƙasa da kashi 5. Tallafi ya ragu, haraji ya bi shi.

To ya tsirar da masu kiwon Turai? Ya ba su ɗan sarari, iyakarsa ke nan. Abubuwa biyu da suka fi shi ƙarfi sun faru a gefe, ba wanda ya shigar da su ƙara.

Na farko, Rasha. A Agustan 2014, ana tsakiyar wancan bincike, Rasha ta hana shigo da abinci daga Tarayyar Turai, Amurka, Kanada, Ostareliya da Norwe, ramuwar takunkumin da suka sa mata kan rikicin Yukren. Kafin ranar, Rasha ce babbar kasuwar tirawut ɗin Norwe. Dare ɗaya ƙofa ta rufe. Turkiyya ba ta cikin jerin. Masu kiwonta suka fara kai kifin kejin Bahar Aswad suna rainonsa har ya yi kilo uku, huɗu, namansa ya yi ja, suka laƙaba masa suna salmon ɗin Turkiyya, suka tura Rasha da Japan. Sabuwar sana'a ta tashi, mai kuɗi, kuma girman kifin ya fitar da ita daga ƙarƙashin harajin Turai gaba ɗaya. Kifin Norwe ma bai rasa hanya ba: ya riƙa sauka Belarus, a sa masa gishiri ko a ƙyafe shi, ya shiga Rasha da takardar Belarus. Duk wanda ya san yadda shinkafar da ta sauka Kwatano da sunan Nijar ke kwana a Kano ba ya bukatar a yi masa bayani.

Na biyu, kuɗi. Lokacin da aka sa harajin, yuro ɗaya bai kai lira 3 ba. A 2024 ya haura lira 30. Gaskiya ne tsadar rayuwa a cikin gida da abincin kifi da ake saye da dala sun cinye babban kaso na wannan riba, amma mai sayarwa da yuro yana biyan ma'aikaci da lira ya sami abin da harajin kashi 4 ko 9 ba zai taɓa gogewa ba. Kuma faɗuwar kuɗin ƙasa ba tallafi ba ce a wannan shari'a. A riƙe wannan, za mu dawo kansa a bakin iyakar Magarya.

Kar a ɗauka ina wanke Turai ne. Ita ma tana tallafa wa masu kifinta. Asusunta na harkar teku da kifi daga 2014 zuwa 2020 ya kai kusan yuro biliyan 6.4, wani kaso ya tafi ga masu kiwo. Bambancin shi ne nata ba a kan kilo take bayarwa ba, sai ta ce gudummawar gyaran gona ce, ko ta kare muhalli, ko ta sayen na'ura. Kuɗi dai kuɗi ne, wanda aka gina wa wurin tace ruwa an rage masa nauyi. Me ya hana Turkiyya ta rama? Don ba a kai kifin Danmak Istambul da yawan da zai sa haraji ya yi zafi. Harajin ramuwa a ƙofar gidanka kaɗai yake aiki. Sanda ce ta mai saye, kuma nauyinta gwargwadon girman kasuwarsa. Mai mutane miliyan 450 masu kuɗi in ya ɗaga ta, mai sayarwa ya zo da littattafansa da kansa yana rawar jiki. Ƙaramar kasuwa in ta ɗaga, mai kaya ya juya ya tafi wani wuri.

Manoman audugar yankinmu sun ɗanɗana wannan. A 2003 Binin, Burkina Faso, Mali da Cadi suka tashi a taron Hukumar Kasuwanci ta Duniya a Kankun suna kuka da tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta, wanda ke danne farashi a duniya. Gaskiyarsu a fili take, kowa ya amsa. Amma ƙasar da ta shigar da ƙara ta bi ta shekara da shekaru ita ce Barazil, don tana da lauyoyi, tana da kasuwar da za ta iya yi wa Amurka barazana da ita. A 2014 Amurka ta biya ta dalar Amurka miliyan 300 aka rufe magana. Namu huɗun sun dawo da alkawura. Tun Disambar 2019 ma kotun ɗaukaka ƙara ta hukumar kasuwancin ba ta zama, don Amurka ta hana naɗa alƙalai.

Tarwaɗar kanta ta taɓa shiga irin wannan rigima. Da kifin Biyetnam ya cika kasuwar Amurka, masu kiwon kudancin ƙasar suka sa majalisa ta yi doka a 2002 cewa ba kifin da za a kira tarwaɗa a kanti sai dangin nasu. A 2003 aka bi shi da harajin karya farashi daga kashi 37 zuwa 64. Daga baya aka mayar da binciken lafiyar tarwaɗa hannun ma'aikatar noma mai sharuɗɗa irin na nama, kuma a wannan tarko ne bandar tarwaɗar Najeriya ta rasa kasuwar Amurka a 2018. Ba ita aka nufa ba, tsautsayi ya rutsa da ita.

Yanzu mu dawo gida. A watan da Burussel ta sa hannu kan harajin tirawut, Fabrairun 2015, a watan ne aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, daga bisani aka hana kamu da cinikin kifin tabkin Cadi don toshe wa ƴan Boko Haram hanyar kuɗi. Dalilin nan na jini ne, ba na ciniki ba, kuma ba na raina shi. Amma mai banda da ya yi shekara da shekaru yana ɗora kwali a mota ya wayi gari ba sana'a, har zuwa Maris 2019 da aka ɗage. Bai gama miƙewa ba, a Agustan shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, ba a buɗe Maigatari ba sai Disambar 2020. Sai kuma takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kai Fabrairun 2024. Sau uku cikin shekara tara.

Kowanne da dalilinsa, amma kamanninsu ɗaya a idon ɗan kasuwa. Ba a kira shi an ji ta bakinsa ba. Ba a ware kayan da ake rigima a kansu daga waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba: don shinkafar Tailan aka tsare wake, albasa da raguna. Ba ranar ƙarewa da zai yi lissafi da ita. Can an ɗauki mudu an auna, mu nan ganuwa muka sani, ko a buɗe ƙofa duka ko a rufe duka. Zamanin Sarki Tanimu, da ayarin Kano da Tarabulus ke yada zango a nan, madugu yakan biya fito, kuma ko ya yi nauyi abu ne da ake iya sawa cikin kuɗin kaya tun kafin a ɗaura wa raƙumi. Ɗan kasuwa yana iya rayuwa da haraji. Abin da ke karya shi rashin sanin gobe.

Ba wai ba mu da mudun a rubuce ba. Tun 1 ga Janairun 2015 yankin ke aiki da jadawalin haraji na bai-ɗaya mai hawa biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. A cikinsa ne madarar gari ta manyan buhuna ke biyan kashi 5 kacal, abin da makiyaya suka daɗe suna kuka da shi. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina, ƙawancen AES na ƙasashen ukun ya sa nasa ɗan haraji na kashi 0.5 kan kayan waje, amma muna nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da sefa, don haka ba Yamai kaɗai ke yanke abin da za a karɓa a duwan ba.

Da na koma wurin Kawu, abin da na fara tambayarsa shi ne wane kifi yake nufi. A kasuwarmu kifi uku ne. Akwai na karton, daskararre, kifin teku da ke fitowa daga gaɓar Muritaniya da Senegal da wasu wurare. Akwai bandar Diffa, wadda tamu ce. Akwai tarwaɗar kiwo daga Najeriya. Na karton shi ne na talaka, wanda uwar gida ke sayen gutsure ta sa a miya yara su ji ƙamshi. Tun da iyakar Binin ta rufe kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, hanya ta riga ta ɗora masa harajin da ya fi na duwan. A ƙara masa wani, a garin da yara da yawa ba sa samun nama, don kare kwami huɗu ko arba'in da ba za su ciyar da unguwar Birni kaɗai ba, wannan zalunci ne, kuma na gaya masa haka. Danmak ta nemi kariya ne tana da kifin da za ta cike gurbi. Mu in an kore na waje yau, gobe ba kifi.

Ya ce shi da tarwaɗar Kano yake. To a ɗora ta a kan sikelin da aka ɗora kifin Turkiyya. Me ya sa take araha? Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwaɗa. Masu ƙyanƙyasar ƴaƴan kifi suna kusa da mai kiwo, injinan abincin kifi suna kusa, ruwa ya fi namu. Sannan naira: tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a 2024, alhali sefarmu tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Mai kiwon Kano da ya karɓi sefa ya canza, ya ga kuɗi. Duk cikin waɗannan ba wanda dokar ramuwa ta ɗauka laifi. Labarin lira ne ya maimaita kansa a Ɗan Barto da Tinkim. Akwai wata ƙofa a dokar kasuwanci, ta kariyar wucin gadi, wadda ba ta bukatar a kama kowa da laifi, sai dai a nuna kaya sun yi ambaliya fiye da da. Ita ma da alƙaluma ake buɗe ta: tan nawa ya shigo bara, nawa bana, mutum nawa suka bar sana'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ce ma an sa harajin. Iyakarmu da Najeriya ta kai kilomita 1,500, yawancinta fili ne da gonaki, gida ɗaya rabi nan rabi can. Harajin da ya yi nauyi ba baitulmali zai shiga ba, zai koma kuɗin babur da na masu shinge a hanya, kifin kuma ya iso Dole da asuba kamar kullum. Kuma duk ranar Alhamis shanunmu da raƙumanmu ke cika kasuwar Maigatari. Mu ne masu sayarwa a can, su ne masu sandar. Wanda ya taɓa musu tarwaɗa ya shirya jin amsa a kan wake da dabbobi, inda ciwon zai fi yawa nesa ba kusa ba.

Na kuma tuna masa abin da ya fi ni sani. Ƴaƴan kifinsa daga Kano yake ɗauko su. Abincin da yake zuba musu, wanda ke cin fiye da rabin kuɗin da yake kashewa, daga can yake zuwa. Arahar nairar da ta kayar da shi ranar sayarwa ita ta taimake shi ranar saye. Inda aka bar shi a baya shi ne tsakanin iyaka da garka: kuɗin mota, abin da ake ajiyewa a kowane shinge, man injin ban-ruwa, da ruwan kansa a garin da ya sha jiran famfo tun daga Gogo da Macaya har aka kai ga janyo na Ganaram. A ganina in gwamnati tana son taimakonsa, nan ne hannunta zai fi amfani: a sauke duk wani haraji daga kan abincin kifi da ƴaƴan kifi, a rage shingaye, a taimaki mai son kafa injin abinci da ƙuli-ƙuli da dusa da muke da su. In sana'ar ta yi ƙarfi har ana iya ƙirga ta, sai a yi maganar kariya irin ta albasar Senegal, inda tun farkon shekarun 2000 ake dakatar da ta waje a watannin da ta gida ke kasuwa, a buɗe in ta ƙare. Ita ma mudu ce, ta lokaci.

Kawu bai yarda da ni duka ba. Ya ce talakan da nake tausayi shi ma ɗaya ne daga cikinsu, kuma bashin da ya ci na buhunan abinci ba ya jiran a gina inji. Ban musa ba, gaskiya ya faɗa. Ya yi shiru, can ya ce, "Su mutanen Danmak ɗin, ta yaya suka san sun kai kashi 25?" Na ce kowane mai kiwo a can an san tan nawa yake fitarwa, a rubuce yake. Ya fara lissafa masu kwami da ya sani daga bakin gari zuwa Miriya da yatsunsa. Ya kai bakwai, sai ya naɗe biyu, ya ce waɗannan sun zubar da ruwa tun bara, ɗaya ya koma shuka salati. Ya tambaye ni ko ina da littafin rubutu da ban fara ba. Na shiga ɗaki na ɗauko masa. A shafin farko ya sa na rubuta ranar da ya zuba ƴaƴan kifi, yawansu, da buhu nawa suka ci kafin motar Kano ta riga shi.